Na tsaya a masallacin da ba a sallah a cikinsa: muhawara kan ziyarar birnin Toledo

Nasiru:
Assalamu alaikum, iyaye da 'yan'uwa. Makon da ya wuce Allah ya nufe ni da zuwa Toledo, tsohon birnin nan na ƙasar Sifaniya wanda littattafan Larabci ke kira Ɗulaiɗila, kuma tun da na dawo abin da na gani bai bar zuciyata ta huta ba, shi ya sa na kawo maganar gabanku.

Birnin yana kudu da Madrid da kimanin kilomita 70, jirgin ƙasa ya kai ni cikin kusan rabin sa'a. A kan tsaunin dutse aka kafa shi, kogin Taho ya naɗe shi ta gefe uku, gefen arewa da ba ruwa kuma nan ne aka fi ƙarfafa ganuwa da ƙofofi. Na haye gadar Alkantara, wadda sunanta kansa Larabci ne, alƙanɗara, na hau har dandalin Zocodover, wanda aka ce mini asalinsa suƙud dawabbi, wato kasuwar dabbobi. Lungunan garin ƙanana ne masu lanƙwasa, wani wurin idan ka miƙa hannuwanka biyu kusan ka taɓa bangon hagu da na dama.

Abin da ya tsaya mini a rai wani ƙaramin masallaci ne kusa da ƙofar da ake kira Babul Mardum. Faɗinsa da tsawonsa kowanne bai wuce mita 8 da 'yan kai ba. Ginshiƙai huɗu ne a tsakiya, sun raba rufin gida tara, kowane gida da irin ɗaurinsa, babu biyu da suka yi kama. A fuskar ginin akwai rubutun Kufi da aka tsara da jan bulo, yana ɗauke da shekarar 390 bayan hijira, wato 999 ta miladiyya. Amma sunan wurin a yau Cristo de la Luz, wato Almasihun Haske, an huda bango ɗaya an ƙara masa ɗakin bagade na coci, mihrabin babu shi, gicciye kuma yana rataye a ciki. Na sayi tikiti na shiga kamar kowa, na tsaya ina laluben alƙibla da idona.

Jagoran da ke zagawa da mu ya yi ta maimaita cewa Toledo birnin al'adu uku ne, inda Musulmi da Kirista da Yahudawa suka zauna lafiya. Ni kuwa ina tsaye a masallacin da ba a sallah, daga baya na shiga majami'un Yahudawa biyu da ba a ibadarsu a ciki. To, tambayata ita ce: mai ziyarar irin wannan wuri, da wane ido ya kamata ya kalle shi? Maganar jagoran gaskiya ce, ko kuwa kwalliya ce ta jawo baƙi?

Ustaz Kabiru:
Wa alaikumus salam, Malam Nasiru, sannu da hanya. Zan faɗi ra'ayina ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Ni ban ga abin da zai kai ni in biya kuɗi in shiga masallacin da aka ƙwace aka rataya gicciye a cikinsa ba. Malamai sun yi magana a kan shiga wuraren ibadar wasu, kuma sun saɓa, wasu sun halatta, wasu sun karhanta, musamman inda akwai gumaka da hotuna. Imamu Buhari ya kawo cewa Sayyidina Umar ya ce ba sa shiga coci-cocinsu saboda siffofin da ke ciki, ya kuma kawo cewa Ibn Abbas yakan yi sallah a coci sai dai wadda ke da siffofi. Wannan ita ce fuskar hukunci.

Fuskar tarihi kuwa ta fi ciwo. Lokacin da aka miƙa garin ga sarkin Kirista Alfonso na Shida a 1085, cikin sharuɗɗan da aka yi har da barin babban masallacin Juma'a a hannun Musulmi. Ba a yi nisa ba aka karya alkawarin, a 1086 aka mayar da shi babban coci, kuma a kan filinsa ne katafaren cocin da kake gani yanzu yake tsaye. Wanda ya san wannan, yaya za a yi ya zauna yana sauraron tatsuniyar zaman lafiya? Ba laifinka nake gani ba, na san da kyakkyawar niyya ka je, amma ina ganin irin wannan ziyara tana koya wa mutum sabawa da abin da bai kamata ya saba da shi ba.

Hajiya Rakiya:
Allah ya gafarta Malam, abin da ka faɗa game da babban masallaci haka yake, kuma ban zo in rage masa nauyi ba. Sai dai ina so mu ɗan koma baya, domin shekaru da dama ina karantar da tarihin Andalus, kuma na lura ɗalibai kan so labarin ya zama ko dai aljannar zaman tare ko kuma kuka zalla, alhali Toledo ba ta shiga ko ɗaya daga cikin buhunan nan biyu.

Kafin Musulunci, garin shi ne fadar sarakunan Bisigot, a nan ne a 589 Sarki Rekared ya shelanta komawarsa ɗariƙar Katolika. Ɗariƙ bin Ziyad ya shige shi bayan yaƙin 711. Zamanin Umayyawan Kurɗuba garin ya yi ƙaurin suna wajen tawaye, sai a 932 Abdurrahman na Uku ya lanƙwasa shi. Da halifanci ya wargaje, gidan Zun-Nun suka mallake shi, kuma a ƙarƙashin Sarki Ma'amun, wanda ya rasu a 1075, ya zama matattarar masana: Zarƙali masanin taurari a nan ya yi aikinsa, haka ma alƙali Sa'id al-Andalusi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, Alfonso ɗin nan da ya ci garin, a 1072 ɗan gudun hijira ne a fadar Ma'amun, bayan ɗan'uwansa ya raba shi da sarauta. Baƙon jiya ne ya dawo ya karɓi garin daga hannun jikan mai masaukinsa, Alƙadir, wanda rauninsa da rigimar sarakunan Musulmi a junansu suka buɗe ƙofar. Wani mawaƙin garin, Ibn Assal, ya kwatanta abin da cewa tufa daga gefe take fara zarewa, amma shi ya ga tufar Andalus tana zarewa daga tsakiya. Faɗuwar Toledo ce ta sa aka kira Yusuf bin Tashfin daga Magrib, aka yi yaƙin Zallaƙa a 1086.

Bayan 1085 kuwa Larabci bai mutu a garin ba. Kiristocin asali, waɗanda ake kira Musta'aribai, sun ci gaba da rubuta takardun ciniki da na gado da Larabci har cikin ƙarni na 13, kuma fiye da dubu daga cikin takardun nan suna nan a adane. Sarki Alfonso na Takwas ya buga dinarin zinariya a Toledo da rubutun Larabci, yana kiran kansa sarkin Katolika da harshen waɗanda yake yaƙa. Gerard na Kremona ya taso daga Italiya domin neman Majisɗi, littafin ilimin taurari na Baɗlimus, ya zauna a garin har ya rasu a 1187, ya fassara littattafai masu yawa daga Larabci zuwa Latin, har da Ƙanun na Ibn Sina.

To amma, Malam Nasiru, kada jagoranka ya tsaya nan. A garin nan ne aka fassara Alƙur'ani zuwa Latin wajen 1210 bisa umarnin babban limamin coci Rodrigo Jiménez de Rada, kuma an yi ne domin a yi masa raddi. A 1391 aka afka wa unguwar Yahudawa. A 1449 a Toledo aka fara kafa dokar da ta hana Kiristocin da asalinsu Yahudawa ne riƙe muƙami. A 1492 aka kori Yahudawa daga ƙasar, a 1502 aka tilasta wa Musulmin Kastila, masarautar da Toledo ke cikinta, zaɓi tsakanin baftisma da barin ƙasa. An yi zaman tare na gaske, na ƙarnuka, amma zama ne na mai ƙarfi da wanda ke ƙarƙashinsa, a zamanin Musulmi da zamanin Kirista duka, kuma ƙarshensa kora ce. Jagoran ya ba ka rabin labari ne.

Bashir:
Na gode, Hajiya, kin shimfiɗa mana tabarma. Ni sana'ata zanen gine-gine ce, don haka ta wannan ƙofar zan shigo, kuma ina neman afuwar Ustaz domin abin da zan faɗa ba zai yi daɗin ji ba. Masallatan Toledo suna da yawa a da, amma waɗanda suka rage a tsaye ba su taka kara sun karya ba, kuma na Babul Mardum ya rayu ne saboda an mayar da shi coci. Ginin da ba mai amfani da shi, rufinsa ke fara yoyo, daga nan maƙwabta su kwashe duwatsunsa. Wannan an ba wa wata ƙungiyar mayaƙan coci shi a ƙarshen ƙarni na 12, suka ƙara ɗakin bagade, suka bar sauran yadda yake. Rubutun Kufin da Malam Nasiru ya gani ma a rufe yake cikin bango ƙarnuka da yawa, sai a 1899 aka gano shi, kuma rufewar ce ta kare shi.

Ina roƙon duk wanda ya je ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon rufin. Ɗaurin bakan da ke cikin gidajen tara ɗin nan koyi ne da ƙubbobin da Halifa Hakam na Biyu ya yi a masallacin Kurɗuba shekara 30 da 'yan kai kafin nan, inda bakunan ke gitta juna ba tare da sun haɗu a tsakiya ba, sai su bar siffar tauraro ko murabba'i. A Kurɗuba da dukiyar halifa aka yi, a nan kuwa masallacin unguwa ne na jan bulo, maginin ya ɗauki dabara ɗaya ya juya ta sau tara, ya ɗaga ta tsakiyar ta fi sauran tsawo domin haske ya shigo. Kawunan ginshiƙan kuma akasarinsu ba Musulmi ne suka sassaƙa su ba, na zamanin Bisigot ne, daga tsofaffin gine-gine aka ɗauko su. A ƙarƙashin ginin masu tonon kayan tarihi sun tarar da shimfiɗar titin Rumawa. Wato mutum yana tsaye a ɗaki ɗaya, ƙarƙashin ƙafarsa aikin Rumawa, daidai kafaɗarsa na Bisigot, bisa kansa na Musulmi, gabansa na Kirista.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ɗakin bagaden da aka ƙara. Daga waje da ƙyar za ka gane inda tsohon gini ya ƙare sabo ya fara, domin da bulo iri ɗaya da tsarin bakuna iri ɗaya aka yi shi, bayan kusan shekara 200. Wannan salon shi ake kira mudehar. Haka cocin San Román da aka keɓe a 1221, bakunansa masu siffar kofaton doki ne, kuma a jikin bangonsa akwai rubutun Larabci na fatan albarka tare da hotunan waliyyan Kirista. Haka majami'ar Yahudawa da ake kira Santa María la Blanca: sahu huɗu na fararen ginshiƙai masu kusurwa takwas, wanda duk ya shiga ba tare da an gaya masa ba zai rantse masallaci ne. Masu mulki sun sauya, amma hannun magina bai sauya ba, kuma sababbin masu garin ba su ga wani salo da ya fi wannan daraja a idonsu ba sai da aka fara babban coci a 1226 da salon Faransa.

Ustaz Kabiru:
Malam Bashir, na ji bayaninka kuma na ƙaru, amma hujjarka tana da haɗari. Idan aka ƙwace wa mutum gida aka kula da shi da kyau, ba za a ce ya gode wa wanda ya ƙwace ba don rufin bai zuba ba. Masallaci ba don a kalli rufinsa aka gina shi ba. Wanda ya ba da dukiyarsa aka yi ginin nan, sujada yake so a yi a ciki, kuma abin da ya rage yanzu ɓawo ne babu ƙwaya. Ku masu zane kuna ganin bulo ya rayu, ni kuwa ina ganin abin da aka yi ginin dominsa ya tafi.

Bashir:
Gaskiya ne, Allah ya gafarta Malam, ban ce a gode wa kowa ba, kuma ban ce adalci aka yi ba. Abin da nake nufi shi ne ɓawon nan shaida ne. Da an rushe shi, yau wanda ya ce Musulmi sun yi kusan shekara 370 suna mulkin garin, sai dai ya buɗe littafi. Yanzu kuwa bismillah tana nan a bango, kan titi, kowane mai wucewa yana ganinta.

Yohanna:
Salama gare ku duka. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa, kuma a matsayina na Kirista ina ganin bai kamata in yi shiru ba, tun da ni ma na taɓa zuwa Toledo shekarun baya. Malam Kabiru, ciwon da kake ji ban raina shi ba. Karya alkawarin babban masallaci abin kunya ne, kuma su kansu mutanen garin kamar sun ji nauyinsa, domin sun riƙe wani labari cewa sarki ya fusata da ya ji abin da aka yi a bayan idonsa, sai wani malamin Musulmi ya roƙe shi ya yi haƙuri, har akwai mutum-mutumi a jikin wani ginshiƙi kusa da babban bagade da ake cewa na malamin ne. Masana ba su ɗauki labarin a matsayin tabbas ba, amma mutane ba sa ƙago irin wannan labari sai inda lamirinsu ke damunsu.

Ni inda na fi jin nauyi shi ne San Juan de los Reyes, gidan sufayen da Sarauniya Isabel da mijinta Sarki Fernando suka gina bayan yaƙin Toro na 1476. A bangonsa na waje an rataya sarƙoƙi da mari na fursunonin Kirista da aka 'yanto a yaƙin Garnaɗa. Na tsaya ina tunanin mutanen da suka sa ƙarafan nan a ƙafafunsu, sannan na tuna cewa sarakunan da suka rataya su ne suka sa hannu a takardar korar Yahudawa, kuma ginin yana gefen unguwar Yahudawan. Daga nan na taka zuwa majami'ar El Tránsito, wadda Samuel ha-Levi, ma'ajin Sarki Pedro, ya gina wajen 1357. Ayoyin Zabura da Ibrananci sun zagaye bangon, tare da rubutun Larabci da tambarin Kastila. Zaburar da nake karantawa kowace safiya ce a bangon mutanen da aka kora da sunan addinina. Shi kansa Samuel ɗin, bayan 'yan shekaru sarkin da ya yi wa hidima ya sa aka kama shi, ya mutu a hannun masu azabtarwa.

Amma ina roƙon a duba wani gefen. Akwai cocin El Salvador, wanda shi ma masallaci ne a da, hasumiyarsa ita ce ta zama hasumiyar ƙararrawa. A cikinsa akwai wani ginshiƙi na zamanin Bisigot da aka sassaƙa mu'ujizan Yesu a jikinsa, makaho da ya sami gani da Li'azaru da aka tayar, kuma an kankare fuskokin, ana kyautata zaton lokacin da aka sa shi a masallaci. Kiristocin garin su ma sun ga kayan wuraren ibadarsu sun koma hannun wasu. Ba don a yi ramuwar gayya na kawo wannan ba. Ina nufin duk wanda ya shiga Toledo yana neman inda aka zalunci nasa zai samu, kuma idan ya ƙara taku kaɗan zai tarar da inda nasa suka yi wa wasu.

Hajiya Rakiya:
Malam Yohanna, maganarka ta tuna mini da Musta'aribai, waɗanda kusan kowa ke mantawa da su. Su ne suka riƙe addininsu kusan ƙarni huɗu ƙarƙashin mulkin Musulmi, da tsohon tsarin sujadarsu na zamanin Bisigot. Da 'yan'uwansu Kirista suka ci garin, sai aka ɗora musu babban limami Bafaranshe mai suna Bernard, aka kawo tsarin Roma, nasu kuma aka taƙaita shi a 'yan coci-coci shida. Sai a farkon ƙarni na 16 Kadinal Cisneros ya ware masa ɗaki a cikin babban coci, inda ake yinsa har yau. Cisneros ɗin nan kuma shi ne wanda ya sa aka ƙona littattafan Larabci a Garnaɗa. Mutum ɗaya ne ya ceci wani gado ya hallaka wani.

Maryam:
Ina gaida iyayena da yayyena. Ni ɗaliba ce, kuma ina sa ran zuwa Sifaniya wani taro a ƙarshen shekara, kwana ɗaya kacal zan iya warewa. Yaya Nasiru, wuni ɗaya zai isa? Kuma ta ina ya kamata in fara, ganin cewa ban saba doguwar tafiya a kan tudu ba? Sannan ina so in san ko ganuwar ita kanta akwai abin gani a jikinta, domin duk an fi maganar masallatai da coci.

Nasiru:
Malama Maryam, wuni ɗaya zai isa ki ga manyan wuraren idan kin yi sammako, amma ba zai isa ki natsu ba. Ni kuskuren da na yi shi ne na fara da babban coci, wanda girmansa da yawan adonsa suka cinye mini safiya, na isa ƙananan wuraren a gajiye. Da zan sake, daga arewa zan fara, ta ganuwa.

Akwai ƙofofi biyu masu suna Bisagra kusa da juna. Sabuwar, wadda aka sake ginawa a tsakiyar ƙarni na 16, ita ce mai manyan hasumiyoyi biyu da tambarin mikiya mai kai biyu, ita kowa ke ɗauka hoto. Tsohuwar tana ɗan gangare, ba ta da hayaniya, kuma ita ce ta zamanin Musulmi, da bakanta mai siffar kofaton doki da wani katon dutse a gicciye. Ki tsaya a nan ki duba jikin ganuwar da kyau, za ki ga manyan duwatsu sassaƙaƙƙu a ƙasa, ƙanana da bulo a sama, kowane zamani ya ɗora nasa a kan na wanda ya gabace shi. Daga nan ki hau ta Ƙofar Rana, Puerta del Sol, ta ƙarni na 14, masallacin Babul Mardum yana nan kusa. Idan hawa zai ba ki wahala, akwai matakala mai tafiya da kanta da aka saka a jikin tudun ta gefen arewa, tana kai mutum har cikin gari. Ki sa takalmi mai kauri, domin titunan duwatsu ne. Akwai kuma wani abin hannu da ake saya sau ɗaya ya shigar da mutum wurare bakwai, har da masallacin da El Salvador da Santa María la Blanca, amma babban coci da El Tránsito tikitinsu daban ne.

Kafin faɗuwar rana ki nemi motar da za ta kai ki hayin kogi, inda ake kira Mirador del Valle. Daga can ne za ki ga garin gaba ɗaya kamar an ɗora shi a faifai, ki gane dalilin da ya sa aka kasa cin sa da ƙarfi sai da yunwa da yarjejeniya. An ce mini abin da ya bar shi a haka shi ne komawar fadar sarki Madrid a 1561, garin ya daina bunƙasa, ba a sami kuɗin rushe tsoho a gina sabo ba, har UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1986.

Hajiya Rakiya:
Ƙari ɗaya, 'yata Maryam. A gaban masallacin za ki ga wani farin dutse a cikin daɓen titi, kuma za a gaya miki a nan dokin sarki ya durƙusa ranar da aka ci garin, aka fasa bango aka tarar da gicciye da fitila tana ci tun kafin zuwan Musulmi. Daga nan sunan wurin ya samo asali. Ki saurara da ladabi, amma ki sani almara ce, an yi ta ne domin a nuna wurin tun asali na Kirista ne. Ki kuma tambayi masallacin Tornerías, wanda ke saman bene a tsakiyar kasuwa. Shi ne wanda Musulmin garin suka ci gaba da sallah a cikinsa sama da shekara 400 bayan 1085, har zuwa lokacin da aka hana addinin baki ɗaya. Ba kullum yake a buɗe ba, amma a wurina ya fi kowane gini ba da labarin yadda suka rayu: ƙaramin ɗaki, a ɓoye cikin shaguna, ba hasumiya.

Ustaz Kabiru:
Na karanta duka, kuma zan faɗi inda na matsa da inda ban matsa ba. Malam Yohanna, na gode da adalcin da ka yi, ba kowa ke iya faɗin laifin nasa a bainar jama'a ba. Maganarka ta sa na koma aya ta 40 a Suratul Hajji, inda Allah ya ambaci ɗakunan sufaye da coci-coci da majami'u da masallatai a jere, a matsayin wuraren da da ba don kariyarsa ba da an rurrushe su. Ginshiƙin da ka ce an kankare fuskokinsa ban san da shi ba sai yau.

Har yanzu ban yarda da sunan birnin al'adu uku ba, domin biyu daga cikin ukun an kore su, kuma ana sayar da tikitin kallon abin da suka bari. Har yanzu kuma ni kaina ba zan shiga inda aka rataya gicciye a masallaci ba, wannan zaɓina ne, ban ɗora wa kowa ba tun da malamai sun saɓa. Amma na janye maganata cewa ziyarar ba ta da amfani. Allah ya umarce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance, kuma labarin Alƙadir da sarakunan da suka riƙa biyan abokin gaba haraji domin ya taya su yaƙar junansu, wa'azi ne da ya fi huɗuba dubu. Wanda zai je da wannan ilimi a kansa, ya je. Masallacin Tornerías ɗin nan da Hajiya ta ambata, shi kam ina so in gan shi.

Malam Nasiru, tambaya ɗaya. Rubutun da ke fuskar masallacin, daga titi ake karanta shi ko sai an shiga? Kuma me ya ƙunsa ban da shekara?

Nasiru:
Daga titi ake ganinsa, Allah ya gafarta Malam, ba sai an sayi tikiti ba. Yana can sama, layi ɗaya daga wannan kusurwa zuwa waccan, kuma da yake da gefen bulo aka tsara haruffan, sai rana ta karkata inuwa ta fito da su sannan suke karantuwa da kyau. Ni da ƙyar na iya haɗa bismillah da farko, sauran sai da na duba bayanin da aka kafe a wurin. Ma'anarsa ita ce Ahmad bin Hadidi ne ya tsayar da wannan masallaci da dukiyarsa yana neman ladan Allah, kuma an kammala shi da taimakon Allah a hannun magini Musa bin Ali, cikin watan Muharram na shekarar 390.

Da na gama karantawa na koma gefen titi na yi wa mutanen nan biyu addu'a da sunayensu. Malama Maryam, idan kin je ki ɗauko mana hoton rubutun da yamma, nawa da tsakar rana na ɗauka, haruffan ba su fito ba.